Mai Rawa da Ƙafa Ɗaya

Hong Kong, 9 ga Fabrairu

Inna Buaphan,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da gwiwar nan taki mai sanin zuwan hadari tun kafin rediyo ya faɗa. Yaya kaji, yaya tsutsotsin siliki, yaya maƙwabcinmu Malam Thongsuk da tarinsa? Ni lafiyata ƙalau, sai sanyin garin nan mai shiga ƙashi. Ina nan a kicin ɗin da kika sani, daga ni sai turmi, ina daka kwaɗon gwanda ga mutanen da barkono ƙwaya biyu ke sa su kuka.

Kifin tulun da kika aiko ya iso. Ina buɗe murfin, duk 'yan hawa na bakwai suka fito suna toshe hanci, wai wani abu ya mutu a bene. Ni kuwa na rungume kwalbar ina hawaye, don ƙamshin ƙarƙashin gidanmu ne sak.

Kin tambaya ko zan zo bikin ruwa. Inna, bana ma ba zai yiwu ba. Ba zan yi miki ƙarya in ɗora wa maigidan wurin aikina ba, ya ba ni hutu. Ke kika goye ni tun ina shekara huɗu, da ƙanwarki ta rasu ta bar miki ni, kin san ƙaryata tun daga rubutun ambulan.

Ga yadda abin yake. Akwai wata Yaya Chaluai, 'yar Lampang can ƙasarmu, mai wanke kwanuka a wurinmu. Ita ta koya min katin duba, wanda ake kira tarot. Guda saba'in da takwas ne, kowanne da hotonsa. Tsaya, kada ki ɗaga murya tukuna, ba caca ba ce. Yaya Chaluai ta ce kati ba ya faɗa wa mutum gobensa, zuciyarsa yake buɗe masa ya leƙa. Kullum da safe nakan wanke fuska, in yanka katin da hannun hagu, in zaro ɗaya in zauna da shi kafin in fita aiki. Ya rage min zafin kai sosai. Rabona da in jefi kuku da ludayi tun bara.

Sau uku na tambaya a kan zuwa gida, sau uku kati ɗaya yana fito min, ma'anarsa kuwa a dakata. Shekara bakwai ba kwana bakwai ba ce, na sani. Ina kewarki ƙwarai. Amma lokaci bai yi ba.

Taki,
Lamduan

Af, me ya sami rubutunki? Kowane harafi ya kai ƙwan agwagwa.

Ban Nong Saeng, Yasothon, 2 ga Maris

Ke Lamduan,

Na samu takardarki, na gode da gaisuwa. Gwiwa tana nan tana mulki. Kaji sun ƙoshi, su ba su san kewa ba. Tsutsotsi sun shiga saƙa. Malam Thongsuk ya ce a gaishe ki, tarinsa ya fi shi lafiya. Rubutuna kuma alƙalamin ne ya lalace, ki bar shi.

Tabɗi! Ashe na rayu har na ga ranar da takarda za ta hana 'yata zuwa gida. Da kin ce maigida ne da na zage shi na huce. Da kin ce wani namiji ne da na tambayi garinsu. Amma karta? Kartar da kawunki Bunmi ya sayar da ɓaunarmu a kanta? Wai ki yanka da hagu. Hannun da na yi shekara biyu ina dukansa kafin ya daina shiga kwanon abinci, yau shi ne mai shawara.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. To ni shekara bakwai ke nan ina dafa nawa, itace ya ƙare, romo ko ɗigo.

Bari in gaya miki bikin ruwan bara, tunda ban taɓa faɗa ba. 'Ya'yan mutane suka cika motoci daga Bangkok, kowa ya durƙusa gaban tsohuwarsa yana zuba mata ruwan turare a hannu tana sa masa albarka. Ni na zauna a gindin masaƙa ina tsefe zare, wai ni mai aiki da yawa. Matar maƙwabcinmu Somphong ta hango ni ta ce da surukarta, "Je ki zuba wa Buaphan ko kofi ɗaya ne, abin tausayi." Na miƙa hannu na karɓa, ya zan yi? Amma ruwan tausayi sanyinsa daban ne, 'yar nan.

Ga abin da nake so. Wannan alƙalin takarda da ya yanke miki hukunci har sau uku, ki sako min shi a ambulan. Gani ya kori ji. Ina so in dubi idonsa in ji da wane baki yake cewa a dakata.

Na sa miki busasshen barkono kaɗan a kusurwar takarda, na gonar bayan gida.

Innarki,
Buaphan

Hong Kong, 21 ga Maris

Inna,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan zafin da ya fara bai dame ki ba. Ni lafiya lau, sai ɗan mura. Barkonon ya iso, na ɓoye shi daga kuku.

Na karanta zancen ruwan tausayi a cikin jirgin ruwa, sai da wata tsohuwar da ban sani ba ta miƙo min hankici. Kin fi ni gaskiya.

Ga katin nan na sako. Da na gaya wa Yaya Chaluai, cokalin hannunta ta ajiye ta ce, "Ke mahaukaciya ce? Wa ya taɓa raba kati da 'yan'uwansa? Saba'in da bakwai kurma ne." Can kuma ta yi dariya ta ce, "Aika mata. Tsohuwar da ta ce a kawo mata alƙali gida, ina so in ji hukuncinta."

Ba zan faɗa miki sunansa ba. Haka ita ma take yi wa duk wanda ya zauna a gabanta, sai ta ce, "Duba ka gaya min abin da ka gani." To ki duba ki gaya min. Ki riƙe min shi da kyau, kada kaji su tsattsage shi.

Ranar bikin zan je haikalin da 'yan ƙasarmu ke taruwa a nan, in zuba ruwa da sunanki. Na san ba ɗaya ba ne.

Taki,
Lamduan

Ban Nong Saeng, 18 ga Afrilu

Lamduan,

Lafiya muke, sai zafi. Rijiyar haikali ta ja baya, guga sai da aka ƙara masa igiya. Bikin ruwa ya zo ya wuce, bana gonar Somphong na tafi na zauna a bukka har yamma, don kada a maimaita min na bara.

Alƙalinki ya iso. Na wanke hannu na fito da shi rana na duba shi sosai, kuma wai ni za a raina wa hankali. Wannan ai mai rawa ne! Yaro kyakkyawa, riga shuɗiya, wando ja, yana tsaye da ƙafa ɗaya a kan gungume mai ganye, ɗayar ƙafar ya naɗe ta baya. Hannaye a bayansa, gashi a tsaye, kansa da haske irin na mutanen kirki da ake zanawa a bangon haikali. Sak kawunki Bunmi ranar bikin harba roka in giyar shinkafa ta kai masa karo, sai dai wannan ya fi shi kunya a fuska.

Na tambaye shi, "Kai ne ka ce 'yata ta dakata?" Shi dai rawarsa kawai yake yi. Ni dai a garinmu wanda ya ɗaga ƙafa ɗaya tafiya zai yi ko rawa, ban taɓa ganin an yi zaman jira a haka ba. Ko dai Chaluai ɗin taki tana bukatar tabarau, ko kuma ke ce kike jin abin da kike son ji.

Na ɗora shi a kan shiryayye, ƙasa da siffar Buddha da hoton uwarki. Da safe in na canza ruwan fure nakan ce masa ina kwana. Abin kunya, na fara sabawa da shi, gidan ya rage shiru.

Innarki

Hong Kong, 4 ga Mayu

Inna ta kaina,

Gaisuwa da fatan ruwan farko ya sauka. Ina lafiya, murar ta tafi.

Wayyo cikina! Na karanta wa Yaya Chaluai takardarki a bayan kicin, ta yi dariya har ta zauna a kan buhun albasa. Inna, a juye kika riƙe shi! Ba rawa yake yi ba. Sunansa Ratayayye. An ɗaure ƙafarsa ɗaya a reshe, kansa yana ƙasa, ƙafafu a sama. Gashin da kika ce a tsaye yake, zubowa ya yi. Ba ki ga igiyar a idon sawunsa ba? Ga ta nan ɓaro-ɓaro.

Ma'anarsa mutum ne da ya yarda ya tsaya cak, ba gaba ba baya, yana biyan wani abu da shi kaɗai ya san shi, har ranar da za a kwance shi. Ki dubi fuskarsa, ba ya kuka. Ranar da ya fara fito min na daɗe ina kallonsa, na ce wannan ni ce.

Ki juya shi yadda aka zana shi, kai ƙasa, sai ki sake dubawa.

Taki,
Lamduan

Ban Nong Saeng, 23 ga Mayu

Lamduan,

Ruwa ya sauka, an harba rokoki, ta unguwarmu ta fashe tun a ƙasa aka jefa masu ita cikin taɓo. Gwiwa ta kumbura, in ban da ita lafiya.

To na ji, ku yi ta dariya, ku masu ilimin karta. Igiya dai ni ban ga wata igiya ba. Juyawa kuma ba zan juya ba. Kina so in kafa ɗan mutane kai ƙasa, tafin ƙafarsa yana nuna hoton uwarki da siffar Buddha? Wanda ya zana shi ba shi da manya a gidansu ne?

A gidan nan, muddin ina numfashi, ƙafa ba ta hawa saman kai. Haka aka rene ni, haka na rene ki, ko kin manta?

Zan tsaya nan, za a fara cirar irin shinkafa, kuma alƙalamin nan yana wahalar da ni.

Innarki

Ban Nong Saeng, 29 ga Yuli

'Yata Lamduan,

Ina gaishe ki. Ban san ko kina lafiya ba, tunda wata biyu ke nan mai babur ɗin gidan waya yana wuce ƙofata ko waiwaye babu. Jiya na tare shi a hanya na ce ya zazzage jakarsa. Ya ce, "Iya, ko na zazzage ba zan haifo miki wasiƙa ba."

In don na raina katinki ne, na janye. Bakina kin san shi, ya girme ni.

Yanzu zan faɗi abin da na ɓoye. Alƙalami lafiyarsa ƙalau, idona ne. Malam Thongsuk ya matsa min har ya kai ni asibitin gari. Likita ya ce ba yana ba ce da ake cirewa, jijiyar ce take mutuwa, kuma na zo a makare. Na dama ya riga ya tafi tun sanyin bara. Na hagu gefe da gefe ya rufe, saura tsakiya, kamar mai leƙe ta cikin gora. Ya ba ni maganin ɗigawa. Na ce, "Likita, kada ka yi min zaƙin baki, har yaushe?" Ya ce wataƙila girbi, wataƙila bai kai ba.

Na sauke zaren ado daga masaƙa, yanzu fari kawai nake kaɗawa, shi hannu ya san hanyarsa. Ban damu da masaƙa ba, na saƙa abin da zan saƙa. Hoton da kika aiko shekara uku da suka wuce kin sa baƙin tabarau kin tsaya nesa, gini ya fi ki fitowa.

Ina so in ga fuskarki, Lamduan. Ban iya roƙo ba, amma ga shi na roƙa.

Innarki

Hong Kong, 3 ga Satumba

Inna,

Ina gaishe ki, ban san da wane baki ba. Jikina lafiya.

Wasiƙarki ta Yuli ta yi sati uku a cikin akwatin katina ban buɗe ba. Tsoro nake ji, na ɗauka ragowar faɗan ne. Shekaranjiya Yaya Chaluai ta fizge ta ta farke ambulan ta ce, "In ba ki karanta ba ni zan karanta wa duk kicin." Na karanta a tsaye. Sati uku na idonki na cinye da tsorona, Inna, kuma ga igiyar da na yi miki dariya don ba ki gani ba.

Ba raina kati ne ya sa na yi shiru ba. Kin rubuta cewa ƙafa ba ta hawa saman kai, kika ce ko na manta. Ban manta ba. Shekara bakwai ba mu taɓa zancen ba, ina ta addu'a ko barci kike yi ranar. Da na ga layin nan na san idonki biyu, kuma ba ki yafe ba.

Bari in faɗa da bakina sau ɗaya. Ranar da zan tafi mun yi faɗa tun yamma. Kin ce in zauna in gaji masaƙa, na ce masaƙa kabari ce, har na ce ba ke kika haife ni ba. Kika ɗauki tabarmarki kika shimfiɗa a bakin matakala, kika ce sai dai in bi ta kanki. Da asuba motar farko tana ta hon a bakin kasuwa. Buhunan sabuwar shinkafa sun toshe hanya, ɗan wurin da ya rage daidai matashinki yake. Kin lulluɓa da bargo har kai saboda sanyi. Na tsaya da jakata na ce in tashe ki, na san in kika buɗe ido kika kira sunana ba zan iya tafiya ba. Sai na ɗaga ƙafa na tsallake kanki.

Kan da na saba durƙusawa in wuce ta gefensa. Kan matar da ta tauna shinkafa ta sa min a baki. Tun daga ranar duk abin da ya same ni nakan ce alhakinki ne. Na yi sadaka a haikali bakwai, na saki tsuntsaye, na saki kifi, nauyin bai ragu ba. Sau biyu ina isa Bangkok da hutu, in je tashar motar Yasothon in zauna har motar ta tashi, in koma. Da wace ƙafar zan hau matakalar nan?

Shi ya sa da Ratayayye ya fito na gane shi. Wanda ya ɗora ƙafa a saman kai, daidai ne a rataye shi da ita.

Ina so in zo, Inna, kamar in yi tsuntsuwa. Amma in na zo kika juyar da idon da ya rage miki daga kaina, ban san inda zan sa kaina ba. Ki gaya min gaskiya ko mai ɗaci ce.

Lamduan

Ban Nong Saeng, 20 ga Satumba

Lamduan, sakarya, 'yar sakarya,

Lafiya nake, ki bar gaisuwa. Kwana huɗu nake rubuta wannan, layi biyu in huta, don ba zan bari Malam ya ji ba. In layukan sun hau juna ki yi haƙuri.

Ni da na rubuta zancen ƙafa da kai, yaron katinki nake nufi! Ko a mafarki ban kawo wancan ba. Ashe abin da kika ƙulla ke nan shekara bakwai? Ni ina nan ina cewa birni ne ya yi miki daɗi, ko kuwa maganar nan ce ta ba ni na haife ki ba, kina nufinta har zuci.

To buɗe kunnenki. Idona biyu ranar, gaskiya ne. Na ji kina haɗa kaya, na ji kina kuka a hankali. Ni na rene ki, na san ko gawata ce a ƙofar sai kin wuce, don taurin kan nan a wurina kika sha shi. Na kuma san wurin wucewa ɗaya ne. Na ce yarinyar nan za ta shiga duniya, ba zan bari ta tafi da alhakin kaina a ƙafarta ba. Tun kafin zakara ya yi cara na juya. Na mai da kaina wajen buhuna, na ɗora ƙafafuna a kan matashi, na ja bargo na rufe. Ƙafa a kan matashin kai, abin da uwata za ta mare ni a kansa ko ina da furfura! Kaina cikin ƙaiƙayi, ƙwari suna bi min kunne, ina jin ki tsaye kina jan hanci.

Ƙafafuna kika tsallake, Lamduan. Tsofaffin ƙafafuna masu kaushi, da kika saba tsallakewa tun kina ƙarama. Har yatsarki ta taɓa ɗan yatsana, na cije bargo don kada in yi motsi.

Me ya sa ban faɗa ba? Girman kai. In na faɗa, kin san ke nan da hannuna na buɗe miki hanya, ni da na rantse a gaban maƙwabta ba za ki tafi ba. Na ɗauka kin ji a jikinki ma cewa ƙafa ce. Wa zai kasa bambanta kai da ƙafa? Sai ke, mai gyara wa mutane riƙon kati.

Na ba Malam katin na ce ya duba min igiyar. Ya ce tana nan. Na ce, "Hannayen fa, a ɗaure suke?" Ya kai shi kusa da hanci ya ce, "Ba a gani, suna baya." Na ce to wa ya sani, wataƙila a sake suke, yaron ne bai gwada ba.

Mu a nan ba a ɗaure mutum a ƙafa. A wuyan hannu ake ɗaura farin zare, a kira kurwarsa ta dawo gida. Zaren da nake kaɗawa tun Yuli na wa kike tsammani? Ya isa a ɗaure duk ƙauyen nan.

Ki tambayi Chaluai me katin yake nufi in ya zo yadda na riƙe shi. Babu abin da zan yafe, amma in sai kin ji kalmar, na yafe. Ki zo.

Innarki

Hong Kong, 5 ga Oktoba

Innata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da ƙafafunki. Lafiyata lau, idanuna ne kawai suka kumbura. Na karanta sau biyar, ina kuka ina dariya, har kuku ya ce ko an yi min rasuwa ne ko haihuwa.

Na tambayi Yaya Chaluai. Ta ce in ya zo a juye, jiran ya zama na banza, wanda ya rataye kansa shi zai sauko da kansa. Ta ƙara da cewa, "Sau uku kin tambaye shi, ya taɓa buɗe baki ya ce ki zauna? Hotonki ya nuna miki, ke kika mai da shi umarni. Na so in faɗa, na ga ba ki shirya ji ba. Innarki da rabin ido ta fi mu karatu."

Na gaya wa maigida na bar aiki. Ya ce sai na cika wata guda ya sami mai daka, na roƙe shi har da durƙuso bai rage ko kwana ɗaya ba. Jirgina ranar 8 ga Nuwamba ne, in kwana a mota, in iso ranar 9. Yau ban zaro kati ba, kuma ban tambayi kowa ba.

Ki riƙa ɗiga maganin a kan lokaci. Ki riƙe min idon nan, Inna, saura kwana talatin da biyar.

'Yarki,
Lamduan

Ban Nong Saeng, 22 ga Oktoba

Lamduan,

Wannan rubutun Malam Thongsuk ne, kin ga ya fi nawa kyau. Ni nake faɗa yana rubutawa, na kuma ce in ya gyara min magana ko ɗaya zan sani. Yana gaishe ki. Gwiwa da sauƙi, shinkafa ta fara ja.

Takardarki ta iso, ya karanta min sau uku har ya ce maƙogwaronsa ya bushe. Kada ki yi kuka da abin da zan faɗa, kuma kada ki zagi maigidanki, ko ya sallame ki ranar ba za ki riski idon nan ba. Idon bai jira ba. Washegarin fitar sufayen haikali daga zaman damina na tashi na ga gorar ta toshe. Na riƙe shi iya ƙarfina, 'yar nan, ya fi ni gardama.

Na so in ga fuskarki, ban samu ba, kuma ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba. Na yi kukana kwana biyu na share. Amma hannun nan shi ya wanke fuskar shekara da shekaru, ba zai kasa gane ta ba. Kuma ba duka ya tafi ba, ina rarrabe haske da duhu. Da safe ƙofa takan zama fari, in mutum ya tsaya a ciki sai ta yi baƙi. Don haka kada ki biya ta kasuwa gaishe-gaishe, ki zo kai tsaye tun rana tana ƙofa.

Mai rawarki yana nan. Na ɗan gutsure kusurwar da ke wajen kansa da farce don in riƙa tsai da shi daidai, ki ba Chaluai haƙuri. Zare yana cikin kwano, matar Somphong za ta dafa kaza.

Na sa an mai da tabarmata bakin matakala, can nake kwana yanzu don in ji tsayuwar motar farko. Malam yana tambaya me ya kai tsohuwa makauniya bakin matakala, na ce ya rubuta abin da aka sa shi. In kin iso kin tarar barci ya ɗauke ni, wannan karon kaina ne a kan matashin. Kada ki tsallake. Ki tashe ni.

Innarki,
Buaphan